Koya wa ƙananan yara ninƙaya: daga shekara ɗaya ko sai shekara shida?

Akwai wani bidiyo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da TikTok, kuma duk sanda ya sake ɓullowa sai musu ya tashi. Mace ce tsaye a cikin tafkin ninƙaya, ta saki jaririn da bai kai shekara ba a cikin ruwa, da tufafinsa a jiki. Ya nutse, ya yi 'yan wutsil-wutsil, can sai ga shi ya juyo ya kwanta rigingine a saman ruwa yana numfashi. Wasu su ce ga dabarar da ya kamata mu ma mu koya. Wasu su ce wannan azabtarwa ce, uwar da ta san zafin haihuwa ba za ta tsaya tana kallo ba.

Wanda ya koma wurin masana neman raba gardama ma ba lallai ya samu amsa ɗaya ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce tun 2019 yara da yawa za su amfana da darasin ninƙaya daga shekara ɗaya. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2021, ta ba da shawarar a koya wa yara ninƙaya daga shekara shida, waɗanda ba su kai ba kuma a sama musu wurin raino da babba zai sa musu ido. Tazarar shekara biyar ba ƙarama ba ce, musamman da yake a cikin waɗannan shekarun ne ruwa ya fi cin yara. Sai dai in aka bi diddigin inda kowace shawara ta samo asali, za a ga ba irin yaro ɗaya suke magana a kai ba, kuma ba irin ruwa ɗaya ba.

Me ake kira nutsewa, kuma yaya girmanta?

A ma'anar da masana suka tsayar a wani taron duniya a Amsterdam a 2002, nutsewa ita ce numfashi ya tawaya saboda ruwa ya rufe hanci da baki. Ba sai an mutu ake cewa an nutse ba. Yaron da aka ciro na iya tashi garau, yana iya rasuwa, yana kuma iya rayuwa da raunin ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa in ta yi minti huɗu zuwa shida ba ta samu iska ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamban 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu suka faru. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan nutsewa ya ragu da kashi 68 cikin 100 a Turai, amma a Afirka kashi 3 kacal ya sauka, kuma nahiyar ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Wannan ƙididdigar ma ba ta haɗa da waɗanda ambaliya ta ci ko waɗanda jirgin ruwa ya kife da su ba, saboda a wani babi dabam ake lissafa su.

Abin da ya fi yaudarar manya shi ne yadda nutsewar ƙaramin yaro take. Ba ihu, ba fantsamar ruwa. Wanda ruwa ya kai masa baki ba shi da iskar da zai yi kira da ita, kuma duk fafutikar ba ta cika wuce minti ɗaya ba. Yaro ɗan tatata kuma kansa na da girma da nauyi in aka kwatanta da ɗan jikinsa. In ya leƙa bokiti ya rinjaya, kai ne ke fara shiga, ƙafafu su yi sama, bokitin da ke da ruwa kuwa ba ya kifewa balle ya zubar da shi. Ruwan da zurfinsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa, muddin ya rufe hanci da baki.

Abu uku ake kira da suna ɗaya

Rabin ruɗanin daga nan yake: abubuwa uku mabambanta duk ana ce musu darasin ninƙaya.

Na farko shi ne sabo da ruwa. Uwa ko uba ne ke shiga ruwa mai ɗumi riƙe da jaririn, ana waƙa, ana wasa, ana zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan. A Turai da Amurka ana farawa tun jariri yana 'yan watanni. Masu shirya irin wannan, in masu gaskiya ne, ba sa cewa yana hana nutsewa. Nishaɗi ne da motsa jiki.

Na biyu shi ne wanda ake gani a bidiyon: horar da jariri ya juya ya kwanta rigingine in ya faɗa ruwa, ya yi numfashi har a zo a ɗauke shi. A tsarin da ya fi shahara a Amurka ana farawa daga wata shida, darasi na minti 10 a kullum, kwana biyar a mako, na tsawon makonni. Masu goyon baya suna cewa 'yan daƙiƙun da yaron zai ƙara a saman ruwa su ne tsakanin rai da mutuwa, kuma suna da labaran iyayen da suka ce hakan ya ceci 'ya'yansu. Masu suka, ciki har da masu koyar da ninƙaya da dama a Birtaniya, suna cewa ana dulmiya jariri ne a kai a kai yana kuka har ya koyi juyawa saboda tsoro, kuma ba a nuna ta hanyar bincike cewa abin da ya yi a hannun malami cikin ruwa mai ɗumi zai maimaita shi ranar da ya faɗa ruwa mai sanyi shi kaɗai ba. Labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja a wurin likitoci, domin ba a jin labarin waɗanda horon bai cece su ba.

Na uku shi ne ainihin iya ruwa: mutum ya faɗa ruwan da ya sha kansa, ya taso, ya tsaya a sama na ɗan lokaci, ya juya, ya yi iyo zuwa gaɓa, ya fita da kansa. Bahaushe ya riga ya taƙaita ma'aunin da ya ce iya ruwa fid da kai. Yawancin yara sai wajen shekara huɗu jikinsu da hankalinsu ke kai wa ga fara haɗa waɗannan, kuma sai shekara biyar zuwa shida suke iya iyo sosai. A Ingila manhajar firamare ta tanadi yaro ya iya iyon mita 25 kafin ya gama. A Holan, ƙasar da magudanan ruwa suka ratsa ko'ina, jarrabawar shaidar ninƙaya ta haɗa da yin iyo da tufafi da takalmi, tunda ba wanda ke tuɓewa kafin ya faɗa ruwa bisa tsautsayi.

Shin da iyo ake haihuwar jariri?

Ana yawan jin cewa jariri ya yi wata tara a cikin ruwa, don haka ya iya iyo, mantawa yake yi daga baya. Akwai ɗan abin da maganar ta dogara a kai. In aka sa sabon jariri a ruwa rub da ciki, yakan motsa hannu da ƙafa kamar mai iyo, in fuskarsa ta nutse kuma yakan ɗauke numfashi na ɗan lokaci, bugun zuciyarsa ya ragu. Wata masaniya Ba'amurkiya, Myrtle McGraw, ta bayyana wannan tun 1939. Amma motsi ne da jiki ke yi da kansa, kamar yadda jariri ke damƙe yatsan da aka sa masa a tafin hannu, kuma yana gushewa wajen wata shida. Jaririn ba ya iya ɗago kai ya shaƙi iska, a cikin mahaifa kuwa ta cibiya yake samun iskarsa, ba da huhu ba.

Ban da haka, dulmiya jariri na da nasa haɗarin. Yana haɗiyar ruwa, in ya yi yawa gishirin jininsa na iya raguwa har ya kai ga jijjiga. Jikinsa na saurin yin sanyi, shi ya sa ake son ruwan darasin jarirai ya kai ɗumin digiri 31 zuwa 34. Ruwan da ba a tsaftace da kyau ba kuma yana kawo gudawa. Saboda haka ko Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, wadda ta fi sassauci, ba ta ba da shawarar darasin hana nutsewa ga wanda bai kai shekara ɗaya ba. A kan jariri dai, hukumomin biyu bakinsu ɗaya.

Yadda Amurka ta sauya ra'ayi

Har zuwa 2010 matsayin likitocin yara na Amurka shi ne kada a sa yaro darasin ninƙaya sai ya kai shekara huɗu. Dalilinsu biyu ne: yaron bai kai ba, kuma iyaye na iya sakin jiki su rage sa ido.

Abin da ya fi girgiza wannan matsayi shi ne binciken da Ruth Brenner da abokan aikinta suka wallafa a 2009. Sun duba yara 61 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu da suka mutu a ruwa, suka kwatanta su da yara 134 masu rai, sa'anninsu daga yankuna ɗaya. Cikin waɗanda suka mutu, biyu ne kawai suka taɓa yin darasi. Cikin masu rai kuwa sama da kashi ɗaya cikin huɗu sun yi. Daga nan aka samo adadin da masu tallar makarantun ninƙaya ke maimaitawa har gobe, wato darasi na rage haɗarin nutsewa da kashi 88 cikin 100.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne, yaran da aka duba sun yi kaɗan ƙwarai, har lissafin masu binciken da kansa ya nuna ragin na iya zama ko'ina tsakanin kashi 3 da kashi 99. Kuma iyayen da ke da kuɗi da lokacin kai yaro darasi galibi su ne ke da halin kewaye tafkinsu da shinge. Binciken ya isa ya nuna darasi ba ya ƙara haɗari kuma mai yiwuwa yana ragewa. Bai isa a ce an gano girman amfanin ba. A kan wannan ne ƙungiyar ta janye haninta a 2010, sannan a 2019 ta koma ba da shawara daga shekara ɗaya, gwargwadon lafiyar yaron da yawan cuɗanyarsa da ruwa.

Tsohon tsoron nan na sakin jiki bai zama banza ba. Wani bincike a Kanada a kan iyayen yara 'yan shekara biyu zuwa biyar ya gano cewa yayin da darasi ke nisa, iyayen na ƙara yarda cewa yaran za su iya ceton kansu, kuma ba sa buƙatar sa ido kamar da. Shi ya sa ƙungiyar ta nanata cewa ba darasin da ke sa yaro ya gagari ruwa, kuma in ƙaramin yaro yana cikin ruwa ko bakinsa, babba ya kasance inda hannunsa zai iya kai masa. Ta kuma sa shinge a gaba da komai, domin yawancin ƙananan yaran da suka mutu a tafkunan gida ba lokacin wanka suka faɗa ba. Sulalewa suka yi a lokacin da kowa ke zaton suna ɗaki. Ostireliya ta mayar da kewaye tafkin gida doka, da shinge mai tsayin mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta, Faransa ma ta kafa dokar tilasta na'urorin kariya a tafkunan gida a 2003.

Abin da aka gani a Bangaladash

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya daga wata duniyar ta fito. A karkarar Bangaladash kusan kowane gida akwai kududdufi ko rami a kusa, kuma nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Da masu bincike suka bi gida-gida suna tambaya, sai suka ga abin yana da lokaci da wuri: yawanci 'yan taku kaɗan daga gida, kuma tsakanin hantsi da azahar, lokacin da uwa ke girki da wanki, uba yana gona, yayye suna makaranta.

Maganin da wata cibiyar binciken rigakafin raunuka ta ƙasar ta gwada ba shi da alaƙa da iyo. An zaɓi mace a unguwa, aka horar da ita, aka ba ta mataimakiya, ta riƙa tara yara 20 zuwa 25 a ɗakinta daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, ana wasa da waƙa da 'yan koye-koye. Ga manyan yara kuma aka kafa dandamalin gora a cikin kududdufi, aka kewaye shi yadda zurfin ba zai wuce ƙima ba, ana koya musu iyon mita 25, tsayuwa a saman ruwa na daƙiƙa 30, da ceton wani daga gaɓa ba tare da shiga ruwan ba. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna mutuwa a ruwa ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran gidajen rainon, da sama da kashi 90 a tsakanin waɗanda suka koyi iyon. A nan dubban yara aka bi, ba gommai ba. A 2022 gwamnatin ƙasar ta amince da shirin buɗe irin waɗannan gidajen raino 8,000.

To me ya sa hukumar ta tsaya a shekara shida? Domin tana magana ne da gwamnatocin da za su koyar da yara masu yawa a lokaci ɗaya, sau da yawa a ruwan da ba a ganin ƙasansa, da malaman da horonsu bai yi zurfi ba, kuma ba likita a kusa. A irin wannan yanayi darasin kansa na iya zama sanadin nutsewa in yaran sun yi ƙanana. Likitocin Amurka kuwa suna magana ne da uwa ɗaya mai ɗa ɗaya, wadda tafki ke bayan ɗakinta ko gidan maƙwabta, kuma akwai ruwa mai tsabta da ɗumi da ƙwararren malami a garinsu. Hukumar ba ta ce haramun ne a koya wa ɗan shekara uku ba, ƙungiyar ma ba ta ce darasi ya wadatar ba.

Ruwan da ke cin yara a ƙasar Hausa

In aka ɗora ma'aunin nan a kan Kano ko Zariya ko Maraɗi, za a ga mun fi kusa da Bangaladash nesa ba kusa ba. Tafkin ninƙaya a nan sai otal, kulob, wasu makarantun kuɗi da gidajen masu hali. Ruwan da ɗan shekara biyu ke haɗuwa da shi shi ne bahon wanki da aka bari a tsakar gida an shiga ɗauko sabulu, bokitin banɗaki, duron da aka tara ruwa saboda famfo ba ya kawowa, tankin ƙasa, ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba, da rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa an ɗora mata guntun kwano ko katakon da ya ruɓe. Babu darasin iyon da ke amfanar yaron da ya faɗa rijiya ko ya kife a duro da ka.

Manyan yara kuma kududdufi ne. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini da waɗanda masu aikin hanya suka bari suna cika da damina, gefensu na da santsi, zurfinsu kuma ba ya tafiya a hankali: taku ɗaya ruwa iya gwiwa, na gaba ya sha kai. Da zafin bazara yara maza kan tafi wanka a ɓoye, almajirai kan je wanki. Sanarwar hukumar kashe gobara ta jihar Kano a kan gawar da aka ciro daga kududdufi ko rijiya ta zama abin da kunne ya saba da shi. A wurare da yawa akan ce ruwan wuri kaza yana da aljanu, duk shekara sai ya ci mutum. Wannan magana takan tsorata wasu yaran su nisanci wurin, amma takan kuma sa a ɗauki abin a matsayin wanda ba shi da makawa, a bar ramin yadda yake.

Raino ma abin dubawa ne. A gidaje da yawa 'yar shekara bakwai ce ke riƙe da ƙaninta, ita ma kuwa yarinya ce, wasa na ɗauke mata hankali. A gidan biki ko suna, inda manya suka fi yawa, nan ne kowa ke zaton yaron yana hannun wani. Akwai kuma yaran da haɗarinsu ya fi na saura: mai farfaɗiya na iya faɗuwa a ruwan da bai kai gwiwa ba, mai sikila kuma ruwan sanyi na iya tayar masa da ciwo.

Koyon iyo ba baƙon abu ba ne a nan. Yaran Yawuri da Argungu da na bakin Tafkin Chadi a ruwa suke tashi, kuma maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, cewa a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki, sananniya ce a bakin malamai. Matsalar ita ce a ina. Kwafo tsarin Bangaladash kai tsaye na da cikas ɗaya babba, wato tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga dodon koɗin da ke zaune a ruwan kududdufi da madatsun ruwa, ta huda fata ta shiga jiki, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, alhali Bangaladash ba ta fama da ita. Duk shirin koyar da iyo a ruwan da ba a tace ba sai ya fara da gwada ruwan. Sai kuma 'yan mata: in ba malamai mata da wuri mai sutura, iyaye da yawa ba za su bari ba, ambaliya da kifewar jirgi kuwa ba sa tambayar jinsi.

Balan-balan da rigar kariya

Robobin da ake hurawa a sa wa yaro a damtse, da zoben da ake shiga ciki, kayan wasa ne. Suna sacewa, suna zamewa, kuma suna saba wa yaro tsayuwa a miƙe cikin ruwa, yanayin da ba a iyo da shi. Zoben da ake sa wa jarirai a wuya su yi ta yawo a baho ya fi muni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2022 bayan samun rahoton mutuwa da rauni.

Rigar kariya ta gaskiya dabam ce. Ana zaɓenta da nauyin yaro, ta ƙananan yara tana da abin tallafe kai da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame ta sama. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗaura, a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura haɓa da kunnuwa ta yi masa yawa. A cikin kwalekwale ita ce kariyar da ta rage, ko ga wanda ya iya iyo. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana da dokar sa rigar da hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Inda ake rabon rigunan ma, galibi na manya ne, wanda in aka sa wa ɗan shekara huɗu zai zame ta ƙasa ya bar rigar a sama.

In an ciro yaro daga ruwa

Al'adar da ta yaɗu ita ce a riƙe ƙafafun yaro a zazzage shi, ko a danna cikinsa don ruwa ya fito. Likitoci sun yi hani da duka biyun. Ruwan da ke fitowa daga tumbi yake, ba daga huhu ba, kuma amai na iya komawa hanyar iska. Abin da ke kashe yaron rashin iska ne, don haka duk daƙiƙar da aka ɓata a zazzage ta fita daga rabon ƙwaƙwalwarsa.

In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a fara da hura masa iska. Ƙa'idar Turai ta ce sau biyar a farko. Ga jariri bakin mai ceto na rufe hanci da baki gaba ɗaya. Daga nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau biyu, a ci gaba a haka, wani kuma ya nemi mota ko ya kira 112. Karantawa ba ta kai gwadawa da hannu ba, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross na ba da irin wannan horo. In yaron yana numfashi, a kwantar da shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Wanda ya farfaɗo ma a kai shi asibiti, haka wanda ya ci gaba da tari, ko numfashinsa ya yi sauri, ko barci ya yi masa yawa, domin huhu na iya rikicewa cikin sa'o'in da ke biye.

Mai ceto shi ma yana cikin haɗari. Sau da yawa gawa biyu ake cirowa, ta yaron da ta yayansa da ya faɗa don ya cece shi. Abin da ake koya wa yara a Bangaladash shi ne a tsaya a gaɓa, a yi kururuwa, a miƙa gora ko igiya, ko a jefa abin da ke tasowa. Jarkar da ba komai a ciki, in an ɗaure murfinta, tana iya riƙe mutum a saman ruwa.

Abin da wannan ke nufi ga gidaje da hukumomi

Ga iyalin da ke da tafki a gida ko suke yawan zuwa inda yake, shawarar likitocin Amurka ta shafe su: darasi daga shekara ɗaya zuwa sama abu ne mai ma'ana, bayan an yi shinge. Abin tambaya a wurin shi ne takardar horon malamin, ko ya iya farfaɗo da wanda ya nutse, yara nawa yake riƙewa a lokaci ɗaya, da ko ana barin iyaye su tsaya. Makarantar da ta yi alƙawarin yaro ba zai taɓa nutsewa ba ta faɗi abin da ba wata hukumar lafiya da ta yarda da shi.

Ga mafi yawan gidaje kuwa, kuɗin da za a kashe ya fi amfani a wurin magini da mai walda: a ɗaga bakin rijiya da bulo, a yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo, a sa wa duro murfi mai nauyi, a kife baho da bokiti da zarar an gama. A gidan haya nan ne rigima take, mai gida ya ce 'yan haya su yi, su kuma su ce ba rijiyarsu ba ce, ta zauna a buɗe shekara da shekaru. Rainon haɗin gwiwa kuma ba ya buƙatar jiran gwamnati. Matan gida ɗaya ko layi ɗaya na iya yinsa kamar adashi, yau yaran suna hannun wannan daga safe zuwa azahar ba ta wani aiki sai su, gobe a hannun waccan.

Kududdufan cikin gari sun fi wuyar sha'ani. Masu cewa a cike su suna da hujja, amma su ne ke shanye ruwan sama, kuma unguwannin da aka cike su aka yi gini sun ga yadda ambaliya ke shiga ɗaki. Kewayewa na buƙatar kuɗi da mai gadi, in ba haka ba a sace wayar. Ramukan masu aikin hanya sun fi sauƙi, tunda ana iya rubuta mayar da ƙasa a cikin kwangila a kuma riƙe kuɗin ƙarshe sai an yi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar rigakafin nutsewa tun 2021, amma rahoton 2024 ya nuna kashi 15 cikin 100 ne kawai na ƙasashen Afirka ke da tsarin ƙasa a kan lamarin, a Turai kuwa kashi 45. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin lissafi. Yaron da aka ciro daga rijiya da hantsi akan yi masa sutura kafin la'asar, bai bi ta asibiti ba, ba a rubuta shi a ko'ina ba, 'yan kwana-kwana kuma waɗanda aka kira su kansu kaɗai suke ƙirgawa. Bangaladash ma sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyaye kafin a gane sa'o'in da yaran ke mutuwa da nisan wurin daga ƙofar gida, kuma a kan wannan bayanin aka tsara lokacin buɗe gidajen rainon da na tashi.